Shara da Mayen Ƙarfe

Garin ya miƙe tsaye a kan takardar kamar an kira sunansa. Baƙi ne wuluk, bai fi cikin ƙaramin cokali ba, kuma tun da aka zuba shi yake kwance lamo. Amma da Maman Aku ta zura mayen ƙarfe ta ƙarƙashin takardar, sai ya tattaru wuri guda ya mimmiƙe, kamar gashin magen da ta hangi kare. Ta ja hannunta dama, ya bi ta. Ta dawo hagu, ya rarrafo. Tagar falon a rufe take, ko labule ba ya motsi. Ta san dalilin abin sarai, ita da ta shekara biyu tana karatunsa a jami'a, amma duk da haka sai da tsigar jikinta ta tashi.

"Mama, yana da rai?"

'Yarta ce, ta ɗora haɓa a bakin tebur tana leƙe. Ba ta cika shekara uku ba, amma bakinta ya riga ƙafarta nisa. Tun tana tatata take maimaita duk abin da kunnenta ya ɗauka, har da kiran mai tallan gawayi da tarin kakarta, shi ya sa aka laƙaba mata Aku, sunan gaskiya kuwa ya bi ruwa.

"Ba shi da rai. Ja baya, kar ki hura."

"To me ya sa yake bin ki? Shi ma ke ce mamansa?"

Uban yarinyar ya tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Gyaran rediyo ne sana'arsa, kuma shi ya ciro wa matarsa wannan mayen ƙarfe daga cikin wata matacciyar lasifika a shagonsa, zobe ne mai kauri da nauyi.

"Kin ji ko, Malama? Ashe kin yi wa Aku ƙane ba mu da labari."

Iya, mahaifiyarsa, tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ita ba ta ga abin dariya ba.

"Ni dai abin da ke tafiya ba shi da ƙafa, ba na son sa a gidan da ake kwana."

"Iya, ai wannan shi ne digirin," in ji ɗanta. "Ki gaishe shi da kyau."

Maman Aku ta sake zura mayen ƙarfen ƙarƙashin takardar, farin ciki ya cika ta. Ta sha ƙona gari ya fito matacce, a kai masa maye ya yi biris. Yau ne karo na farko da aikin hannunta ya amsa.

* * *

Sunan abin a littafi ferobiskayit. Iya ta gwada faɗa sau ɗaya ta haƙura, ta koma ce masa "baƙon 'yar nan". Haɗa shi ake yi daga gari uku: fari, da baƙi-baƙi, da wani rawaya mai nauyi wanda dalma ke cikinsa. A auna, a zuba a ɗan turmin dutse mai santsi wanda tafin hannu biyu za su rufe, a yi ta niƙa har ukun su zama ɗaya, toka-toka, irin launin ƙurar da ke kwanciya a saman kabad. Daga nan a kai shi tanderun lantarki na ɗakin gwaji, wuta ta yini ta kwana tana cin sa. Idan an yi dace ya fito baƙi, mayen ƙarfe ya kama shi. Sai a aika wata jami'a mai nisa inda suke da na'urar haska shi, ta zano wasu tsaunuka a takarda waɗanda za su nuna ko ƙwayoyinsa sun jeru yadda ake so. An ce wata rana da irinsa za a riƙa ƙera firiji da na'urorin ajiye bayanai. Ita dai Maman Aku abin da ta fi sani game da shi shi ne niƙa.

A ƙa'ida, a ɗakin gwaji ake niƙan, cikin wani akwatin gilashi mai fanka da ke zuƙe ƙura ta fitar waje. Akwatin yana nan. Fankar ce ta mutu tun kafin Maman Aku ta shiga jami'ar, yanzu tsofaffin kundaye ne a ciki da butar shayin wani. A ƙa'ida kuma ana jiƙa garin da wani ruwan sinadari don kada ya tashi. Kwalbar ma tana nan, a bushe ƙayau. Ɗakin kuwa sai mai makulli ya ga dama yake buɗewa, ya rufe rana na tsaka, ga ɗalibai rututu suna jiran layi. Jami'a ba ta taɓa rasa ƙa'ida ba, abin aiki kawai take rasawa.

Da ta kai kuka wurin Farfesa, mai duba aikinta, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba.

"Niƙa ai ba sai a jami'a ba. Ke da kike mace, wa zai koya miki turmi? Sa a jaka ki tafi da shi gida. Kowa haka yake yi, ni ma haka na yi."

"Ranka ya daɗe, akwai dalma a ciki. Kuma ina da ƙaramar yarinya."

"To ki yi hankali mana. Ba kimiyya kike karantawa ba?"

Ta kuwa yi hankali. Ta ware kusurwar falo a bayan doguwar kujera, ta hana kowa zuwa wurin. Tana ɗaure hanci da baki da gyale. Ba ta ɗaukar taɓarya sai Aku ta yi barcin rana, in ta gama ta wanke hannu har gwiwa. Ranar da garin ya miƙe tsaye kuwa sai dabara ta faɗo mata. Ta sa mayen ƙarfen a leda, ta durƙusa ta bi da shi kan kafet a hankali, daga bango zuwa bango. Da ta ɗago sai ga leda ta yi gemu, baƙi siɗik. Gabanta ya faɗi ganin yawan abin da tsintsiya ke bari, daga baya kuma sanyi ya sauka a ranta, don ta ga ta samu mai gadin da ba a yi masa wayo. Ta juye ledar ciki ya koma waje, ta ƙulle, ta kai nesa ta jefar. Tun daga ranar kullum sai ta yi sharar maye, kuma ba ta tashi daga durƙuson sai leda ta fito fes.

Da Farfesa ya ji labari har tafi ya yi mata. Ya tara ɗalibansa ya ce, "Kun ga mai kai ke nan. Kowa ya je ya nemi tsohuwar lasifika." Makon nan shagon mai rediyo ya ga baƙin fuskoki, 'yan jami'a masu neman abin da kowa ya zubar.

* * *

Sai dai tsaunukan da na'ura ta zano ba su fito daidai ba. Akwai wasu ƙanana a tsakaninsu waɗanda bai kamata a gani ba, alamar an ɗauke wuta ana tsakiyar ƙuna, gari ya dahu rabi da rabi. Farfesa ya kewaye su da jan biro ya ce a sake daga farko. Aka sake, aka kuma ɗauke wuta. Ta koma kan ɗanyen gari, fari da baƙi-baƙi da rawaya, ta yi ta juya taɓarya har tafin hannunta ya yi kanta. Watanni suka yi ta shuɗewa tana bayan kujera.

Gidan ya fara nuna abin da ke cikinsa. Wata rana da hantsi ta buɗe firiji ta ga wani siririn baƙin layi ya bi robar ƙofar daga sama har ƙasa, mai laushi kamar gashin jariri. Ta goge. Ta same shi a maɓallin jakarta, ta same shi a bakin kabad, ta same shi a fuskar rediyon Iya daidai inda murya ke fita, in mai labarai na magana gashin na rawa. Duk inda wani ɗan maye yake a ɓoye a gidan, baƙon ya gano shi ya je ya zauna. Wannan bai tayar mata da hankali sosai ba. Ta ce a ranta, abin da ke fitowa ya nuna kansa ai da sauƙi, goge shi kawai za a yi.

Shirun ne ya fara ba ta tsoro, kuma ba za ta iya cewa ga ranar da ya shigo ba. Mai gawayi ya wuce yana kira, ba wanda ya amsa masa daga falo. Aku ta fara ture abinci tana riƙe ciki. A miƙa mata kofi a ce, "Mene ne wannan?" sai ta buɗe baki, ta daɗe, ta rufe. Kalmomin suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan haya masu tashi ba sallama. "Takalmi" ya tafi, "ruwa" ya tafi, sunan da ta sa wa 'yar tsanarta ma ya tafi. Takan tsaya a tsakar falo ta ƙura wa bango ido, a yi ta kira kafin ta waiwayo, in ta waiwayo kuma sai ka ga kamar daga wani wuri mai nisa ta dawo, ba ta gama gane ku ba.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Iya. "Baki ne. Na sha faɗa muku ku daina sa ta tana yi wa baƙi surutu. Kowa ya zo sai ya ce wannan yarinya da wayo take. To ga wayon nan."

"Tsutsar ciki ce, Iya," in ji ɗanta. "Na karɓo magani a kemis."

Aka ba ta maganin tsutsa, aka yi addu'ar baki, ba abin da ya sauya. Maman Aku ta koma yin sharar maye safe da yamma. Leda na fitowa fes. Takan ɗaga ta a hasken taga ta duba, ta kuma dubawa, sannan ta danne abin da ke taso mata a zuci da ƙarfi, yadda ake danne murfin akwatin da ya cika.

Rannan da tsakar rana tana bayan kujera tana niƙa, sai ta ji kamar ana kallonta. Ta ɗago. Aku ce tsaye a ƙofar ɗaki, ta tashi daga barci, tana tahowa tana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tafiya a kan katifa.

"Mama," ta ce.

An kwana biyu ba a ji wannan kalma a gidan ba. Maman Aku ta ajiye taɓarya za ta yi murmushi, sai ta ga idon yarinyar ya juye ya koma fari. Jikinta ya sandare, ta faɗi a kan kafet tana jijjiga.

* * *

Likitar yara dattijuwa ce mai gajiyayyun idanu. Ta sa aka ɗebi jini, da sakamako ya dawo ta kira iyayen ofishinta, ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Dalma ce a jininta, kuma da yawa. Ita ce ta taɓa mata ciki da ƙwaƙwalwa. A gidanku wa ke hulɗa da dalma? Batirin mota, fenti, haƙar ma'adinai, gyaran kayan lantarki?"

Mai rediyo ya dubi hannayensa kamar yau ya fara ganinsu.

"Ni ne, likita. Da ita nake liƙe wayoyi a shago. Kullum na dawo, tun kafin in cire riga take hayewa jikina."

"Ni ma akwai dalma a aikina," in ji Maman Aku da sauri. Ta yi bayanin gyale, da wanke hannu, da barcin rana, da mayen ƙarfe a leda wanda ba ya barin ko ƙwaya ɗaya a kafet. Likita ta saurara da kunne ɗaya, ɗayan yana wurin kukan yaran da ke layi a waje.

"To, ke kin yi naki ƙoƙarin. Shi ne zai kiyaye. Ku ji da kyau, magani zai wanke abin da ke jini. Amma in ta koma gida ta tarar da tushen yana nan, aikin banza muka yi. Abin da ya riga ya taɓu a ƙwaƙwalwa kuwa, ban yi muku alkawarin zai dawo ba."

A baranda mijin ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa. Maman Aku ta dafa shi. Tana tausayinsa har cikin ranta, amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani sauƙi da ta ji, sauƙin cewa ba ita ba ce, kuma ta ji kunyar wannan sauƙin.

Bai sake buɗe shagon ba. Ya tattara rigunan aikinsa ya kai juji, ya samu wani ɗan'uwa mai kantin kayan masarufi ya koma yi masa sauke kaya. Mutumin da ba ya iya shiga gida ba da wasa a bakinsa ba ya zama in ya dawo sai ya yi wanka a waje, ya shigo ya zauna nesa da 'yarsa yana kallonta. Iya ta daina zancen baki, ta daina zancen komai.

Ana cikin jinya tanderu ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa: wuta ta tsaya har gari ya dahu. Tsaunuka suka dawo tsaf, ba ko ɗaya da jan biro zai kewaye. Niƙa ta ƙare ke nan, aka naɗe turmi a tsumma aka mayar jami'a. Aku ta dawo gida, ta fara karɓar abinci kaɗan-kaɗan, tana wasa a kan kafet ita da 'yar tsanarta marar suna, tana tsotsar babban yatsa. Wata rana har ta yi wa Iya murmushi.

Da suka koma asibiti a sake duba jini, likita ta daɗe tana kallon takardar.

"Ya ƙaru," ta ce. "Tushen yana cikin gidanku. Za mu sake riƙe ta."

* * *

Maman Aku ta bar Iya a gefen gado ta dawo gida ita kaɗai. Rana ta karkata, unguwa shiru, kowa na wurin nema. Ta ɗauko mayen ƙarfe ta sa a sabuwar leda, ta durƙusa ta bi falon daga bango zuwa bango, ta shiga ɗaki ta bi ƙarƙashin gado. Leda ta fito fes. Ta zauna dirshan a tsakar kafet, zoben na cinyarta, ba ta san me kuma za ta duba ba.

Hasken rana ya ratso ta tsagar labule ya miƙe a tsakar falon. A cikinsa ƙura na yawo, irin wadda ke kowane gida, tana hawa tana sauka a hankali. Ta daɗe tana kallo. Ba da wani nufi ba ta ɗaga mayen ƙarfen ta sa shi a cikin hasken. Ƙurar ta ci gaba da harkarta. Ta bi ta gefensa, ta ratsa ta ramin zoben ta fita, ko ƙwaya ɗaya ba ta karkato ba.

Ta tashi ta buɗe saman kabad inda ta ɓoye ragowar kayan aikinta, ta ɗauko kwalabe biyu. Ta shimfiɗa farar takarda a tebur. Ta zuba ƙonanne a gefe guda, ta kai masa maye ta ƙasa, ya miƙe kamar kullum. Ta zuba ɗanye a ɗaya gefen, toka-toka, wanda bai ga wuta ba. Ta kai masa maye.

Bai motsa ba.

Ta matso da zoben har ya goge takardar. Ta kewaya, ta girgiza. Garin yana kwance abinsa kamar ba a yi komai ba. Kuma ba sabon ilimi ba ne wannan, shi ne abu na farko da ta sani a aikin: sai ya ƙone yake amsa wa maye, da haka ma take bambance wanda ya dahu da wanda bai dahu ba. Ta faɗa da bakinta a gaban malamai, an gyaɗa mata kai. Abin da ta yi watanni tana niƙawa a bayan kujera, kashi mafi yawa ɗanye ne, dalmarsa a sake. Mayen ya yi ta kwashe baƙin da ake gani yana kawo mata, ita kuma tana yi masa godiya, alhali mai yawan yana nan kwance da launin ƙurar gida.

Ta zagaya bayan kujera ta shafa tafin hannunta a kafet da ƙarfi. Ta juyo da shi. Toka-toka. Ta je tsakar falo, daidai inda Aku ke zama da 'yar tsana, ta shafa ɗaya hannun. Shi ma haka.

A haka mijinta ya shigo ya same ta, tsaye, hannaye biyu a buɗe. Ta dai ja shi gaban tebur ta kai zoben ƙarƙashin baƙin gari, ya tashi. Ta kai ƙarƙashin ɗanyen, bai tashi ba. Ta nuna masa tafin hannunta.

Ya dubi takardar, ya dubi hannun, ya dubi kafet. Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi. Ta jira ya yi faɗa, ta ma so ya yi. Ya tuna shagonsa, ko rigunansa, ko watan da ya yi bai ɗauki 'yarsa ba, ya zage ta ta ji sauƙi. Sai ya sunkuya ya kama bakin kafet.

"Ɗaga ƙafarki," ya ce.

* * *

Farfesa ya saurare ta har ƙarshe, wannan karon ya ma kife wayarsa. Da ta zo kan cewa dole a tara ɗalibai a faɗa musu, a kuma gwada jinin yaran gidajensu, sai ya tashi ya tura ƙofa ya dawo.

"Allah ya ba ta lafiya. Wallahi na ji ba daɗi. Amma mijinki ba mai gyaran rediyo ba ne? Na ji an ce likita ma can ta nuna."

"Ya bar shagon tuntuni, ranka ya daɗe, jinin kuma ya ƙaru. Garin ne. Ɗanyen ba ya bin maye."

"Wannan ai kowa ya sani."

"Ka ce kowa ya nemi lasifika."

Ya gyara zama, muryarsa ta yi laushi, irin laushin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Kin taɓa karanta takardar da ke manne a ƙofar ɗakin gwaji? An haramta fita da kowane sinadari daga harabar jami'a. Wa ya rubuta miki izini? Ni abin da na tuna na ce miki shi ne ki yi hankali. Idan maganar nan ta hau sama, ke za a fara kora, sannan 'yan'uwanki da ke kan aiki, a rufe ɗakin gwajin gaba ɗaya. Wa aka taimaka? Sakamakonki shi ne mafi kyau da sashen nan ya taɓa fitarwa, za a buga shi a waje da sunanki. A bar kaza cikin gashinta, 'yata. Ki je ki kula da yarinyarki."

Ta tashi ta fito. A dogon barandan sashen ɗalibai na zaune a kan benci suna jiran mai makulli. Ta san su duka, wasu a shagon mijinta suka samo mayensu. Ta tsaya a gabansu ta faɗa musu komai, da muryar da ba ta san tana da ita ba: ɗanyen gari, da leda, da kafet, da yarinyar da ba ta san sunan ruwa ba yanzu. Wasu na kallon ƙasa, wasu na satar kallon ƙofar Farfesa. A ƙarshen benci akwai wata mai goyo, ta kai hannu baya ta dafa ƙafar jaririnta.

Wani dogon saurayi ne ya yi magana, a hankali, ba da rashin kunya ba.

"Anti, mun ji. Allah ya sawwaƙe. To amma a ina za mu niƙa?"

Can ƙarshen baranda aka ji ƙarar makullai, duk suka miƙe suka nufi wurin, mai goyon ma ta gyara zaninta ta bi su da jakarta a rungume.

* * *

Falon ya koma siminti tsirara. Kafet, da labule, da katifa, da 'yar tsana, duk mijin ya haƙa rami a bayan gari ya binne, don kada wani ya tsinta ya kai gidansa. Sun wanke bango da ƙasa har fatar hannunsu ta saɓule. Yanzu in aka ajiye cokali a gidan sai ya yi amo.

Aku ta dawo ta rame, idanunta sun yi girma. Jinin ya sauka, in ji likita, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Tana ci, tana tafiya, tana bin mutum da kallo. Baki ne dai babu. Ubanta ya koma ɗaukarta, yana yi mata kukan mage da na akuya, yana kiran sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana kallon leɓensa kamar mai kallon ruwan sama ta taga. Tsakaninsa da matarsa ba faɗa, ba kuma wasa. Ranar da takardar kammala digirinta ta iso, ya ce mata barka, ta ce yauwa, aka sa a ƙasan akwati.

Wata safiya tana wanke-wanke a waje sai ta ji Iya na kiranta.

"'Yar nan, zo. Zo ki ji. Ta yi magana."

Ta shigo da gudu, kumfa a hannunta. Mijin ma ya fito daga ɗaki da riga a kafaɗa. Iya na durƙushe a bakin doguwar kujera tana nuna bayanta, hawaye na bin kuncinta.

Aku na zaune a kusurwar, ta jingina da bango, ta ware ƙafafu. Ta sa kofin roba a tsakanin cinyoyinta, ta dafe shi da hannun hagu. Da na dama ta riƙe cokali a tsaye, tana juya shi a cikin kofin, a hankali, zagaye bayan zagaye. Daga maƙogwaronta wani sauti ke fita, ƙasa-ƙasa, bai yanke ba.

"Ƙurrr... ƙurrr... ƙurrr..."

Ta tsaya, ta ƙwanƙwasa cokalin a bakin kofi, ta leƙa ciki, ta ci gaba. Ƙarar niƙan uwarta ce, ko kuskure ɗaya babu. Ashe duk barcin ranar nan kunnenta a buɗe yake.

"Alhamdu lillahi," in ji Iya tana share fuska da bakin mayafi. "Bakin ya buɗe. A hankali sauran za su biyo."

Mijin ya durƙusa yana murmushin da aka daɗe ba a gani ba. Ya kasa kunne, ya ƙara matsawa, sannan ya waiwayo.

"Me take cewa, Malama? Ke kin gane?"

Maman Aku ta zame ta zauna a kan simintin, kumfa na bushewa a hannunta. Yarinyar ba ta ɗago ta dube su ba. Aiki ne a gabanta, cokali na ta zagaya kofin da babu komai a ciki.